Inda Kaka Ke Duƙawa

Ranar da Kaka ta rasu ranar kasuwarmu ce, kuma kasuwar ba ta ci ba sai da rana ta karkata. Ba wanda ya hana ta ci. Mutane ne kawai suka sauke kaya, suka ji labari, suka bar kayan a ɗaure suka nufo gidanmu. Mata masu awon hatsi, abokan sana'arta, suka shigo da ƙoren awonsu a kife bisa kai suna salati. Wani tsohon Buzu mai gishiri da ke zuwa daga wajen Ibohamane ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida, ya zauna a ƙasa, ya ja rawani ya rufe fuska. Abin da aka ji ya ce kawai shi ne yanzu ba shi da mai zaginsa a garin nan. Bafillatanar da ke kawo mana nono tana kuka tana faɗa wa kowa cewa tun tana budurwa Kaka ke cewa tana zuba wa nono ruwa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa sayen na wata ba. Masu albasa na Tamaske kuwa daga waje suka tsaya suna tambayar juna ko gaskiya ne, don su a ganinsu mutuwa ta daɗe da mantawa da tsohuwar nan.

Har dariya an yi cikin kukan. Wata maƙwabciyarmu ta share hawaye ta ce to, yau dai katangar Baba Ƙarami ta huta da amsa sallama. Mata suka tuntsire, sannan suka tuna inda suke, suka koma kuka.

Ni kaɗai ce idona ya bushe ƙamas, kuma an lura. Ina ji ana raɗa cewa a dubi matar jikan nan, shekara da shekaru tana riƙe da sandar tsohuwa, yau ko ɗigon hawaye. Ba su san abin da ke cina ba. Kaka ta bar mini wasiyya cewa kada a kai ta maƙabarta ta hanyar mota, a bi da ita ta tsohuwar hanyar kasuwanni uku, wadda aka bi da uwarta da kakarta. Duk garin ni kaɗai na san hanyar nan daga farko har ƙarshe, ni kuwa mace ce, ba na bin gawa. Ga shi kuma katanga ta toshe ta a tsakiya, katangar ɗanta na cikinta, Baba Ƙarami.

Bari in koma baya, don wanda bai san ta ba ya san ta. Abin da ya zaunar da ni ma nake faɗin wannan ke nan. Shekara uku kacal da rasuwarta, na ji wata yarinya a bakin rijiya tana tambayar uwarta wace ce Kaka ma'auniya. 

Kakar mijina ce, ita ta haifi ubansa. 'Yar ƙarama ce, baƙa, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta ɗaga murya a rumfar hatsi har mahauta suna ji daga can ƙarshen kasuwa. Awo gadonta ne ta wajen uwa. Mai hatsi ya kawo, mai saye ya zo, ita ke zama tsakani da ƙwaryarta, abin da ta ce ya cika ya cika, ba mai ƙara magana. Ladanta shi ne abin da ya zube bisa tabarma. A shekarar da fara ta cinye gonaki, an ba ni labari, zuben nan bai taɓa isa gida ba. Sai ta leƙa ta ga wadda ta zo kasuwa hannu wofi tana zagaye, ta kira ta da tsawa, ta ce ta zo ta kwashe mata wannan tsakuwar da ta cika mata tabarma. Haka take kyauta, da zagi, don kada mai karɓa ta ji kunya. Da yawa cikin matan da suka yi kuka ranar rasuwarta tsakuwar nan ce ta raya 'ya'yansu.

Ni bayan yunwar aka kawo ni daga wani ƙauye na wajen Buza. Tun ranar farko ta raɗa mini Ta-Buza, ta ce na raba ta da mijinta, wato jikanta, kuma sai ta ga abin da na fi ta. Ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Na ɗauka tsohuwa ce mai surutu, irin wadda kowane gida ke da ita.

Sai da ɗiyata ta fari ta rasu na san ta. Ƙyanda ce ta ɗauke ta, ana gab da yaye. Na shige ɗaki na ƙi fita, kowa ya zo ya ce haƙuri, haƙuri, har kalmar ta fara ba ni haushi. Kaka ba ta ce mini haƙuri ba ko sau ɗaya. Wata safiya ta ɗaga asabari da sanda, ta ce idonta ya fara hazo, tana neman mai yi mata jagora, in tashi in kai ta kasuwa. Na ce mata yau ba ranar kasuwa ba ce, kuma ina aka taɓa ganin matar aure irina a kasuwa.

"Wa ya ce maki ta yau?" in ji ta. "Ta jiya za mu. Tashi, Ta-Buza."

Na tashi don in rabu da ita. Sai bayan shekaru na gane ƙarya ta yi mini. A lokacin idonta ras yake, har zare tana sa wa a allura. Makantar gaske sai can daga baya ta zo, kuma ko da ta zo ƙafafuna sun riga sun haddace abin da take so su haddace.

Garinmu a gindin dutse yake. Wanda ya zo yau zai ga kasuwa ɗaya, a bakin hanyar motar da Nasara ya sa aka yi da aikin dole. A wajen Kaka wannan jaririyar kasuwa ce, ta uku, ba ta ko yi haƙori ba. Daga bayanta akwai wani matsattsen lungu, Lungun Masu Gishiri, inda ayarin Abzin ke sauke kaya a dā. Shi ke kai mutum Kasuwar Tsamiya, ta biyu, wadda yanzu fili ne da ake sussuka, tsamiyar ma sai kututture. Ta ce can aka ci kasuwa zamanin da mutanen Adar ke kai gaisuwa Kabi, kuma can aka fara ganin wuri, kuɗin mutanen dā. In an yi ruwan farko, har yau sai ka ga wuri fari-fari ya fito cikin yashi.

Daga nan sai hawa. Duk gangaren nan gonaki ne yanzu, amma Kaka ba ta taɓa ratsa su kai tsaye ba. A fili fetal, ba gini ba darni, sai ta yi dama, ta yi taku kaɗan, ta yi hagu, ta matse jiki kamar mai wucewa tsakanin bango biyu. In na yanke don in rage tafiya, sai in ji sanda a ƙwauri, ta ce ba ni da kunya, na faɗa ɗakin mutane ba sallama. Ta nuna mini Unguwar Marina, inda ƙasa ta lotsa zagaye-zagaye a wuraren da rijiyoyin baban rini suke. Ta nuna mini Maƙera, inda in ka tona da yatsa sai baƙin kashin ƙarfe. Ga Lungun Masaƙa, ga inda mahauta suke, ga tsohuwar rijiyar da ta ƙafe har ta sa gari ya sauko ƙasa. Kowane lungu da sunansa, kuma sai na maimaita, in na yi kuskure a koma baya a sake.

Can sama, bisa wani shimfiɗaɗɗen fā, nan ne Kasuwar Dutse, uwar kasuwanni. Ta ce an ci ta tun garin na da ganuwa, tun Gobirawa ba su sauko daga Abzin ba, lokacin da ba kuɗi sai musaya: gishiri da hatsi, ƙarfe da saƙi. Akwai wasu ramuka uku a jikin fān, sumul kamar cikin turmi, ta ce nan uwayenta na farko ke awo. Ko haka ne ko ba haka ba, Allah ne masani. Ni dai na sa hannu cikin ramukan, kuma hannun mutane ne ya goge su, ba ruwa ba.

Ranar nan ta farko, a nan bisa fān na yi kukan ɗiyata, kukan da ban iya yi a gida ba. Kaka ta zauna gefe tana tsince tsingaro, ta ƙyale ni sai da na gaji. Sannan ta ce duk matan da suka zauna a nan sun binne 'ya'ya, kuma washegari sun zo sun yi awo. Ta ce in fyace hanci, da sauran tafiya.

Sauran tafiyar ita ce abin da yara ke bin ta suna kallo. Gaba kaɗan da Kasuwar Dutse, a tsakiyar gonar wani, ba itace ba dutse ba alamar komai, sai Kaka ta tsaya, ta duƙa sosai, ta yi taku biyu a duƙe, sannan ta miƙe. Ta ce nan ne Ƙofar Abzin, kuma gajera ce, an yi ta haka ne don kada mahayi ya shigo gari bisa raƙumi. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin ƙofar. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta taɓa ganin Annabi Nuhu.

"Ni? Ko kakar kakata ba ta gan ta ba. Amma nan anka duƙa, nan ni ka duƙawa. Duƙa, ke, kada ki fasa goshi."

Na duƙa ina dariya. Dariyata ta farko ke nan tun rasuwar yarinyar. Daga ƙofar, maƙabarta na nan gaba kaɗan.

To, sai maganar katanga. Baba Ƙarami shi ne ɗanta na biyu, ƙanen surukina marigayi, kuma shi ne babba a gidan gaba ɗaya. Lungun Masu Gishiri ta gefen gidansa ya bi. A shekarar yunwa sau biyu ɓarayi na bin lungun suna fasa masa rumbu. Da ya ga haka, sai ya jira Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa Madawa, ya kawo dutse da laka ya toshe bakin lungun, ya haɗe shi da gidansa. In za a faɗi gaskiya yana da hujja, mai iyali ne. Amma da Kaka ta dawo ta tarar, ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka gidansa ba sai ranar da ya buɗe.

Shekara goma sha biyar ana abu ɗaya. Duk ranar kasuwa, in ta tashi daga awo, sai ta sa in kai ta gindin katangar. Ta buga da sanda sau uku, ta yi sallama, ta ce a ba bayin Allah hanya. Daga ciki Baba Ƙarami ya amsa sallamar da ladabi, ya ce Inna ta zagayo ta ƙofa, ga fura an dama. Ta ce ba shan fura ya kawo ta ba. Ta ɗan jira, kamar mai sa ran yau katangar za ta ji kunya ta matsa, sannan mu zagaya ta bayan gari. Ni kunya ke kama ni, ita ko a jikinta.

Kada wani ya ɗauka gaba suke. Kowace safiya yana zuwa gidanmu ya durƙusa ya gaishe ta, ta sa masa albarka. Damin farko na gonarsa nata ne, kuma tana ci, ta ce ai ba geron ne ya yi gini ba. In ya yi zazzaɓi ita ke jiƙa magani ta aika. Sau ɗaya kawai na ji ya ɗaga murya, ya ce lungun nan ko jaki ba ya bi, kuma shi da kansa ya ɗauki dutse bisa kai wata biyu a aikin hanyar mota, har gashin tsakar kansa ya zube, ga hanya miƙaƙƙiya amma uwarsa ta ƙi taka ta. Ta ce masa jaki ba ya bi, amma ita tana bi. Ya tashi ya fita yana girgiza kai. Halinsu ɗaya ne sak, shi ya sa abin ya ƙi ƙarewa.

Sai daga baya na san abin bai tsaya ga taurin kai ba. Al'adar gidansu ce, in ma'auniya ta mutu a zagaya da ita kasuwannin, a tsaya a kowace, wani ya ɗaga murya ya ce duk wanda ta tauye wa awo ya yafe. Kaka tana tsoron wannan ƙwarai. Ta ce wadda ta shekara sittin tana awo, ko waliyyiya ce, hannunta ba ya rasa karkata wata rana. Na ce to kasuwar yau na gane, amma Tsamiya da Dutse wa zai amsa, ƙadangaru? Ta ce ba ruwana da mai amsawa, a dai tambaya, haka aka yi wa uwarta.

Ana saura kwana uku ta rasu, da la'asar, tana kwance a rumfa, ta kama wuyan hannuna. Ƙarfin hannun ya ba ni mamaki.

"Ta-Buza, in sunka kai ni ta hanyar mota awa buhun gyaɗa, ban yahe maki ba."

Na ce Kaka, ni mace, me zan iya. Ta ce su suna da kafaɗu, ni ina da hanya, in san yadda zan haɗa su. Ta saki hannuna ta nemi a ba ta ruwa.

Bayan sallar asuba ta cika, ina ba ta koko. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba zafi ya fara. Na ja maigidana gefe na faɗa masa wasiyyar. Mutum ne mai sanyin hali, ya je zaure ya faɗa, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce liman ya ce ƙasa duk ta Allah ce, sunna a gaggauta, balle da wannan zafi. Kuma an tambaya cikin maza, ba wanda ya san hanyar bayan Tsamiya. Na ce Baba Ƙarami fa? Ya ce yana zaune ya sunkuyar da kai.

Abu ɗaya ya taimake ni: ƙasarmu dutse ce, kabari ba ya haƙuwa da wuri. Ana cikin ɗumama ruwan wanka na ɗauki masaki na bi murhun gidanmu da na maƙwabta ina kwashe toka. Na yayyafa mata ruwa don kada iska ta ɗauke, na aza a kai, na ɗauki sandar Kaka, na fita. Ina ji mata na cewa shi ke nan, ta zare. Wata ta ce sammu zan yi. Ban waiwaya ba.

Daga rumfar hatsi na fara zuba tokar, don maza su ga inda za su bi. Taku uku, danƙi ɗaya. Tokar ta fito fari tas bisa jar ƙasa. Da na iso gindin katangar sai na tsaya, ban san me zan yi ba. Hannuna ne ya yi da kansa: na buga da sandar sau uku, na yi sallama. Ba wanda ya amsa. Na zuba danƙi biyu a gindin ginin, na zagaya ta bayan gari, na ci gaba daga darnin bayan gidansa. Tsamiya na yi tsibi, don su san wurin tsayawa. Na bi Marina, na bi Maƙera, duk kwanar da Kaka ke yi na yi ta, ban ratsa ɗakin kowa ba. A Dutse na yi wani tsibin.

A Ƙofar Abzin ne na ci amanarta. Na tsaya, na duƙa ni kaɗai, amma ban sa wata alama ba, kuma na ƙudura ba zan faɗa wa maza ba. Ina tsoron in aka ce a duƙa wa ƙofar da babu, liman zai ce maguzanci ne ya rushe abin gaba ɗaya. Na ce a raina Kaka ta yi haƙuri da wannan, in dai an samu sauran. 

Tun kafin in shigo gari na ji dukan. Dum, dum. Na zagayo, sai ga Baba Ƙarami ya tuɓe riga, tsoho da furfura, yana saran katangarsa da dagi. Ashe tashi ya yi daga zaure ya bi tokar shi kaɗai, daga kasuwa har inda ta ƙare. Matarsa kuma ta faɗa masa an buga sau uku an yi sallama, ta ɗauka Kaka ce, saura kaɗan ta suma a tsakar gida. Samari sun taru suna so su karɓa, ya hana. Na durƙusa nesa, jikina duk toka. Bai dube ni ba.

"Ke kika buga?"

Na ce ni ce, Baba, a gafarce ni.

Ya sake kai sara, dutse ya faɗo. Ya ce, "Shekara goma sha biyar ina ce mata ta zagayo. Yau ba ta iya zagayowa."

Sai da ya huda inda mutum zai iya wucewa sannan ya miƙa wa samari dagin. Liman ya zo ya duba, ya aika a tambayo masu haƙa, aka ce da saura. Ya ce to tunda hanya ta buɗe, kuma neman yafiya ga mamaci alheri ne, ba shi da ta cewa.

Da aka fita da makara, na yi abin da ya ƙara tabbatar wa mata cewa na zare: na hau tsanin rumbunmu har sama, don daga can ana hango gangaren duka. Ba a jima ba na ga biyu cikin masu zagina sun hau na maƙwabta. Kasuwar yau ba na ganinta, amma na ji. Murya ɗaya ta tashi, sai kuma gari ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe, har tantabaru suka tashi daga bisa rumfuna.

Sai ga su sun ɓullo ta bayan gidan Baba Ƙarami. Ban taɓa ganin jana'iza mai yawan mutane haka ba, don duk 'yan kasuwa sun bi. Suka tsaya a Tsamiya. Suka fara hawa. Ina kallon maza manya da rawunansu, a fili fetal, suna yin dama suna yin hagu, suna shiga layi ɗaya a inda lungu ya matse. Da Kaka na gani da ta ce sai yau suka yi hankali. Suka tsaya a Dutse, na hango wani ya ɗaga hannu yana tambaya, maigidana ya ce mini daga baya Buzun nan mai gishiri ne ya amsa, ya ce ya yafe a madadin kakanninsa.

Suka doshi ƙofar. Na rufe ido, na ce Kaka ki yafe mini. Sai na ji ta bisa rumbun maƙwabta ta ce, la, me suke yi haka? Na buɗe.

Baba Ƙarami ne ke riƙe da gaban makarar ta dama. Ya tsaya cak, daidai wurin, ba gaba ba baya. Ya lanƙwasa gwiwa. Dole sauran ukun suka bi shi, makara ta yi ƙasa, suka yi taku biyu a duƙe, suka miƙe. Na bayansu da suka ga haka, kowa ya iso wurin sai ya sunkuyar da kai. Ɗaya bayan ɗaya, masu albasa, mahauta, maƙera, Buzun da tsawonsa har sai da ya dafa gwiwa. Liman ya iso ya ɗan tsaya. Sai takalminsa ya buƙaci gyara daidai nan, ya sunkuya ya gyara, ya wuce.

A nan ne kukan ya zo mini. Na rungume kan rumbu ina yi har sai da aka hau aka sauko da ni.

Maigidana ya ce abin da Baba Ƙarami ya faɗa a wurin bai wuce kalma huɗu ba: ku duƙa, ƙofa ce. Bayan sadakar bakwai ya tambaye shi yadda aka yi ya san wurin, tunda ba alama. Ya ce yana goye a bayanta ya koya, in ta duƙa ya duƙa, ina zai manta.

Bai sake gina katangar ba. Rumbunsa ya matsar ciki. Yanzu lungun har jakai na bi, masu zuwa daga Tabotaki ma sun gane ya fi musu kusa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran yanzu Lungun Toka suke ce masa. Toka! Duk wanda na ji sai na tsayar da shi na gyara masa, Lungun Masu Gishiri ne, tun kafin a haifi wanda ya haifi kakansa. Suna cewa na gaji faɗan tsohuwa. Na gada, kuma ban ƙoshi ba.

Ɗiyata ta biyu ta isa tafiya mai nisa yanzu, ranar da ba kasuwa nakan ce ta riƙe mini sanda, idona na hazo. Ta san ƙarya nake, tana biye mini.

Allah ya jiƙan Kaka, ya karɓi yafiyar da aka yi mata a kasuwa uku, ya auna mata rahama ya cika har ta zube bisa tabarma. Ku kuma, in kun bi ta gangaren nan kuka ga mace da 'yarta sun duƙa a tsakiyar gona, kada ku ce mun zare. Ƙofa ce a wurin, kuma gajera ce.